Cokalin Gindin Randa

A unguwar mahauta ta Talata Mafara, idan aka wuce filin da ake shanya fatu, akwai wani gida mai ƙaramin zaure da bishiyar dogon yaro a ƙofarsa. Gidan Marka ke nan. Ita ba ungozoma ba ce, ba ta kuma sayar da magani, na gargajiya ko na bature. Tsohuwa ce dai mai sayar da daddawa da kuka a cikin gida. Amma shekara da shekaru, duk matar da ɗanta ya fara cusa hannu a baki, yana cizon nono, yana ƙananan koke-koke ba dalili, sai wata ta ce mata ta kai shi wurin Marka ta taɓa.

Taɓawar ba wani abu ba ce mai yawa. Za ta wanke hannu da sabulu har gwiwa, ta karɓi yaron ta ɗora a cinya. In namiji ne ta ce maigidanta ya zo, ta tambaye shi ina cefane. In mace ce ta ce ƙawarta ta zo hira. Sai ta sa ɗan yatsanta manuni a bakinsa, ta bi dasashin a hankali, ƙasa da sama, tana ɗan dannawa. Yaran da suka shigo da kuka sukan yi shiru su kama yatsan da tauna. Wannan yatsa shi kaɗai ne ba ta barin farcensa ya tsiro, shi kaɗai ne kuma ba ta sa wa lalle ko da sallah. Matan unguwa suna tsokanarta, wai ta yi wa tara ado ta bar ɗaya a takaba. Takan yi murmushi ta ce wannan ma'aikaci ne, ba shi da lokacin kwalliya.

Sannan akwai cokali. Ƙaramin cokalin shayi ne na ƙarfe, bakinsa ya yi sumul don tsufa. Kullum da safe takan tafasa shi, ta sa shi a wani kwano mai murfi, ta binne gindin kwanon a jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashin randa. Ko a tsakiyar bazara aka ɗauko shi, sanyi ƙalau. Takan ɗora bayan cokalin a inda dasashin ya kumbura, yaro ya lumshe ido. Daga nan sai ta sallami uwar: ta yawaita ba shi nono, ta riƙa share masa haɓa kada miyau ya ci masa fata, ta wanke duk abin da yake kaiwa baki. Kwana kaɗan ne, zai wuce.

Sai dai ba kowane yaro ake ɗauko wa cokali ba. Wani lokaci takan zare yatsan ta tsaya tana dubansa, yatsan nake nufi, ba yaron ba. Sai ta shafa tsakiyar kan yaron, ta ɗan tsunkuli fatar cikinsa ta saki. Ba ta faɗin abin da zai tayar da hankali. Mayafinta kawai take jawowa daga igiya, ta ce, "Tashi in raka ki." Matan unguwa sun san rakiyar nan a asibiti take ƙarewa. Abin da yawancinsu ba su sani ba shi ne inda ta koyo duban yatsa.

Haifaffiyar Tsibiri ce, ta ƙasar Maradun, 'yar manoman gero da gyaɗa. An kai ta gidan Barau a cikin garin Maradun a shekarun da ake aikin madatsar Bakolori, lokacin da gari ya cika da leburori, mahauta ba sa kwana da nama. Barau mahauci ne ɗan mahauci, mai ƙarancin magana. Tun yana zuwa Tsibiri zance, abin da ya fi iyawa shi ne ya miƙa mata tsire a ƙunshe ya koma gefe yana kallon ƙasa. Ta so shi a haka. Gidansu babba ne, da uwar miji, da matan yayye, da kakar da ba ta fita ɗaki amma ba abin da ke wuce kunnenta. A shekara ta biyu Marka ta haifi ɗanta na fari, namiji.

A wancan zamani, har yau ma a gidaje da dama, mace ba ta nuna cewa ɗan fari nata ne. Ba ta kiran sunansa. Ba ta yi masa wasa a gaban manya. In ya yi kuka ba ta zabura, sai an miƙo mata shi an ce ta ba shi nono, ta karɓa tana kau da kai kamar an ba ta ajiyar wani. Wadda ta fi iya wannan ita ce mai tarbiyya. Marka ta iya ƙwarai. Uwar mijinta har misali take yi da ita a gidan biki. Sai in sun rage su biyu a ɗaki take sunsunar wuyansa, ta ƙirga yatsun ƙafarsa, ta yi masa 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Barau ma kunyar ke gare shi. Wata Talata ya dawo daga kasuwar Mafara, ya shigo ɗaki ya tura wani abu ƙarƙashin tabarma, ya ce in wancan ya fara shan kunu a yi amfani da shi. Cokalin ne.

Yaron na da wata bakwai, cikin bazara, zawo ya kama shi. Uwar miji ta duba ta ce haƙori ne. Matan yayye suka ce haƙori ne, nasu ma haka suka yi. Aka rataya masa laya. Da maɗigarsa ta faɗa aka kwaɓa magani aka shafa masa a ka. Ba wanda ya yi sakaci a yadda suka san abin, kowa na son yaron. Amma akwai abin da mai ba da nono kaɗai ke ji. Marka ta ji jan ya ragu. Ta ga tsumman da take shimfiɗa masa yana wuni a bushe. Ta ga yana kuka ba hawaye. Akwai ɗakin shan magani a bayan kasuwa, daga inda take daka tana hango kwanon rufinsa yana ƙyalli. Kwana huɗu tana haɗa maganar a bakinta, a kai shi can mana, tana haɗiyewa. Wace yarinya ce za ta buɗe baki a gaban surukai a kan ɗan fari, bayan manya sun riga sun faɗi abin da ke damunsa?

Rana ta biyar da hantsi ya cika. Kafin a karɓe shi daga hannunta, ta juya baya ta sa yatsa a bakinsa. So take ta ji haƙorin da aka ce shi ne. Ta bi ƙasa, ta bi sama. Sumul, ko kumburi babu. Bakin kuma a bushe, kamar cikin tsohuwar ƙwarya. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba, don ɗan fari ba a yi masa kuka a fili. An yaba mata a kan wannan ma.

Bayansa ta haifi biyar, duka suka rayu. Barau ya dawo da su Mafara, ya samu rumfa a kasuwa. Tun daga ɗa na biyu halinta ya sake. Yaro ya yi zawo sau uku, ta goya shi sai asibiti, ko wa ya hana. Dangin miji suka ce Mafara ta buɗe mata ido. Barau bai taɓa cewa komai ba, kuɗin mota kawai yake ajiyewa a bakin gado. Har ya rasu ba su taɓa zama sun yi maganar yaron ba. Cokalin dai ya ga ta ɗauko shi ta sa a aiki, ya dube shi, ya dube ta, ya fita.

Da 'ya'ya suka watse, sai ta ɗauki jikarta Zahra'u, 'yar ɗanta Hassan, ta riƙe tun daga yaye. Ta yi mata tarbiyya irin wadda aka yi mata: durƙusawa, sunkuyar da kai, rage murya a gaban manya. Zahra'u ta tashi yarinya mai sanyi, kowa na sha'awarta. Ta auri Imrana, ɗan wani dillalin shanu a Bakura. Haihuwar fari ta zo gidan Marka ta yi wankan jego, aka sa wa yaron Misbahu. Kwana arba'in Marka na goyonsa tana ce masa maigida, tana yi masa ƙorafin bai ba ta kuɗin sabulu ba. Zahra'u kuwa, in an ambaci sunansa sai ta rufe fuska da mayafi. Marka na gani tana jin daɗi. Ba ta haɗa wannan da wancan ba. Mutum yakan iya abu a gidan kowa ya manta da shi a nasa.

Bazarar bara, wata Talata da hantsi, Marka na auna wa wata mata daddawa, wayarta ta yi ƙara. Zahra'u ce. Ita kuwa ranar Juma'a take kira, bayan an sauko. Suka gaisa, ina kwana, ina gajiya, ya zafi, ya mutanen gida. Yarinyar ta sake tambayar zafi karo na biyu.

"Ina maigidana?" in ji Marka. "Ban ji muryarshi ba."

"Shina nan."

"Lahiya dai?"

Zahra'u ta rage murya. Can ta ce, "An ce haƙori ne."

Marka ta ajiye ludayin awo. Ta tambayi kwana nawa, aka ce yau uku. Sai ta ji muryar wata babba ta matso kusa a can ɓangaren, Zahra'u ta koma gaisuwa, a gaida su Baba Hassan, ta kashe.

Tsohuwar ta zauna da wayar a hannu. Yarinyar ba ta ce haƙori ne ba, cewa ta yi an ce. Marka ta san nauyin wannan, ta ɗauke shi kwana huɗu a bakinta. Ta kuma san kiran nan shi ne iyakar ihun da jikarta za ta iya yi. Ta sallami mai sayen daddawa, ta ƙulle wata a leda don tsaraba, ta tono kwanon gindin randa ta ɗauki cokali ta naɗe a tsumma mai tsabta. Ranar kasuwa ce, motar Bakura ba ta wuya. Daga tasha ta hau kabu-kabu, abin da ta yi shekara biyar tana cewa ta daina.

Uwar Imrana, Hajiya Safiya, mace ce mai jiki da faɗin hannu, dariyarta ana jinta daga zaure. Ta haifi tara, tara suna raye, kuma ba ta bari a manta. Ta tarbi Marka da murna, aka shimfiɗa tabarma a inuwar rumfa, aka kawo ruwa, aka dama fura. Aka shiga gaisuwa. Marka ta amsa kowace ɗaya, ta mayar, ba ta tsallake ko guda ba, alhali idonta na kan abin da ke saɓe a kafaɗar Hajiya. Zahra'u ta fito ta durƙusa daga nesa ta gaishe ta, kai a ƙasa. Fatar idonta ta kumbura.

Hajiya Safiya ce ta kawo maganar da kanta. Ta ce haƙori ya zo wa yaron da ƙarfi, irin na ubansa, zawo da amai har da masassara. Ta ce ba abin da ba ta yi ba. Ga laya, ga maganin maɗiga, ga na kwalba da aka sayo a kemis. Tun asuba yana kafaɗarta, ba ta ba kowa ba. Kuma ta aika wa wanzami, bayan azahar zai zo ya ɗan tsaga dasashin, haƙorin ya samu hanya, kowa ya huta.

Marka ta dubi inuwar rumfa. Azahar ba ta da nisa. Ta san in ta ce ba haƙori ba ne, a gidan mutane, a gaban surukai da 'ya'ya, Hajiya za ta tuna mata da tara, kuma da gaskiyarta. Za a yi ta ja har wanzami ya yi sallama. Bayan haka za a tambayi wa ya kira tsohuwa daga Mafara ranar kasuwa, a ce yarinya ta kai ƙarar surukai a kan ɗan fari. Ita Marka mota za ta hau ta koma. Zahra'u ce za ta zauna a gidan.

Sai Marka ta roƙi ruwa da sabulu. Ta wanke hannu, ta miƙa.

"Ba ni shi nan, in ga mijin ga da ya yi wata biyar ko aike babu. An ce ka yi sabuwar mata a Bakura, shi ya sa."

"Ya yi kuwa," in ji Hajiya Safiya tana dariya, "kuma ta hi ki iya tuwo."

Yaron ya zo hannunta ba nauyi. Idonsa ya shige ciki, maganin da aka shafa masa a ka ya bushe ya tsattsage a cikin ramin maɗiga. Ya buɗe baki kamar zai yi kuka, ƙara kaɗan ta fito, ba hawaye. Ta sa yatsa. Bai kama ba, bai tauna ba. Ta bi ƙasa, ta bi sama. Ta zare. Shekara kusan hamsin, yatsan bai manta ba.

Ta gyara wa yaron kwanciya a cinyarta.

"Hajiya," ta ce, "yatsan ga nawa ya tsufa, ba ya jin komi yanzu. Ke da kinka yi tara, taɓa mani ki ji ta ina zai hudo, kada wanzami shi tsaga inda ba nan ba."

Hajiya Safiya ta ji daɗin maganar. Ta wanke hannu da sauran ruwan, ta matso, ta sa yatsa a bakin jikanta. Ta laluba ƙasa. Ta laluba sama. Ta ɗan yamutsa fuska ta sake komawa ƙasa. Marka ba ta dube ta ba. Kallon kajin da ke tono a gindin turmi take yi, tana magana kamar mai hirar da ba ta da muhimmanci. Ta ce ita nata, in suna haƙori, zane biyu take sakewa a wuni saboda miyau, bayanta kullum sharkaf.

"Ai Imrana," in ji Hajiya, "har wuyan riga shike jiƙawa, sai na ɗaura mai tsumma a..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta zare yatsan ta dube shi. Ta murza shi da babban yatsa. Sannan ta kai hannu kafaɗarta, inda bakin yaron ya kwanta tun asuba, ta shafa rigar. Ta daɗe tana shafawa.

Da ta yi magana, ba da Marka ta yi ba.

"Zahra'u. Yaushe rabonshi da fitsari?"

"Tun jiya da la'asar."

"Shina kama nono?"

"Shina kamawa. Ba ya ja."

"Tun yaushe?"

"Shekaranjiya."

"Kuma kina cikin gidan ga, ina cikin gidan ga, kinka yi shiru?"

Yarinyar ta ƙara sunkuyar da kai. Hawaye na ɗiga a kan tabarma, ba ta share ba, don sharewa ma nunawa ce.

"Kada ki ga laihinta, Hajiya," in ji Marka a hankali. "Ni na koya mata."

Hajiya Safiya ta dubi tsohuwar. Ba ta tambayi abin da take nufi ba. Ta miƙe, muryarta ta dawo. Ta ce a kira Imrana daga kara, kasuwar shanu, ya zo da mota ko ta wane ne, a aika wa wanzami ya yi zamansa, a ɗauko mata mayafi. Zahra'u ta ja da baya ta tsaya jikin bango, yadda ya kamata, manya su tafi da yaro ita ta jira labari. Hajiya ta karɓi Misbahu daga cinyar Marka, ta taka har inda yarinyar take, a gaban matan gida duka, ta ɗora mata shi a baya.

"Goya ɗanki," ta ce. "Wa zai ba shi nono can, ni?"

A asibiti, ma'aikaciyar jinyar da suka samu, wata Taibatu, ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta duba ido, ta duba baki, ta tsunkuli fatar ciki, ta ce ruwan jikinsa ya ƙare. Aka sha wuya kafin a samu jijiya, aka sa masa ƙarin ruwa. Sannan ta juyo ta yi faɗa irin nasu, ta ce kullum haƙori, kullum haƙori, haƙori na sa miyau da ƙaiƙayin dasashi da ɗan rigima, amma ba ya sa yaro zawo har ya bushe. Ta ce da an ƙara kwana ɗaya da wani zancen ake yi. Ta tambayi wa ya shafa wannan abu a kansa. Hajiya Safiya ta ce ita ce. A tsaye ta sha faɗan har ƙarshe, ba ta ambaci tara ba.

Da yaron ya ɗan farfaɗo, Taibatu ta kawo ruwan gishiri da sukari na leda ta haɗa a kofi, da ƙwayar da za a riƙa narka masa kullum har kwana goma. Ta ce a ba shi kaɗan-kaɗan, ba ɗura ba, da ƙaramin cokali, a kuma ci gaba da nono. Ta tambaya ko sun zo da cokali. Imrana ya juya zai tafi saye. Marka ta kwance bakin zanenta ta warware tsumma.

Ta miƙa wa Zahra'u. Yarinyar ta dubi uwar mijinta, Hajiya ta kau da kai ta shiga gyaran mayafi. Sai Zahra'u ta ɗibi ruwan, ta kai bakin ɗanta, ta jira ya haɗiye, ta sake ɗiba. Marka ta tsaya tana kallon cokalin yana zuwa yana dawowa. Don ciyar da yaro aka saye shi tun farko. Ta fita baranda ta zauna.

La'asar sakaliya Hajiya Safiya ta leƙo da wani tsumma a hannu, ta ɗaga shi sama kamar tuta, ta ce maigidansu ya yi fitsari, kuma a jikinta ya yi, don a san wace ce uwargida. Marka ta ce ta bar mata, ita ba ta son miji mai wannan hali. Suka yi dariya, dariyar da ta fi ƙarfin maganar. Daga baya Zahra'u ta fito, yaron ya yi barci. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar kakarta.

Sai Marka ta fara ba ta labari, ba tare da ta dube ta ba. Ta ce Baffa Sadi, da kowa ya sani a matsayin babban ɗanta, ba shi ne na fari ba. Ta faɗi gidan Maradun, da kwanon rufin da take hangowa daga wurin daka, da kwana huɗu. Ba ta tsawaita ba. Ta ce durƙuso da rage murya duk suna da kyau, ba ta ce a bari ba. Amma ranar da nono ya gaya mata abin da manya ba su ji ba, ta buɗe baki, ko a gaban wa.

Zahra'u ta ɗago kai. Can ta ce, "Inna, mi ne sunanshi?"

Marka ba ta taɓa faɗinsa ba, ko yana raye, ko bayansa, ko ga Barau. Wata mai sayar da ruwan leda ta wuce. Aka kira wani a lasifika.

"Abdulmumin," ta ce.

Ya fito da ƙyar, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ta sake faɗa, a karo na biyu ya fi sauƙi. Zahra'u ta maimaita shi ƙasa-ƙasa, ta yi masa addu'a.

Kwana biyu suka yi aka sallame su. Marka ta koma Mafara ta bar cokalin a Bakura, ta ce sai maigida ya gama da shi. Mata biyu suka kawo 'ya'yansu a makon, ta yi musu da yatsa kawai da tsumma mai sanyi.

Bayan sati uku, an yi ruwan farko ƙasa na ƙamshi, wata Talata sai ga sallama a zaure. Hajiya Safiya ce da kanta, wai ta zo kasuwa sayen atamfa, ta biyo da mutanenta. Misbahu ya murmure, kumatu sun dawo, an ɗaura masa tsumma a wuya ya jiƙe sharkaf. Yana ta cusa hannu a baki yana ƙananan koke-koke. Hajiya ta ce kwana biyu ke nan yana cizon uwarsa, amma ita yanzu ba ta faɗin sunan ciwo, ta bar wa masu yatsa.

Marka ta wanke hannu har gwiwa. Ta karɓe shi ta tambaye shi ina cefane. Ta sa yatsa, ya damƙe shi da tauna, da ta zare miyau ya biyo har gwiwar hannunta. Ta daɗe tana dubansa. Zahra'u ta fito da cokalin daga jaka, aka tafasa, aka sa a kwano, aka binne a yashin gindin randa. Suka sha fura suna jira.

Da ya yi sanyi Marka ta ɗauko, ta ɗora bayansa a dasashin ƙasa. Yaron ya lumshe ido. Ta ɗan gusa da shi gefe, sai aka ji wata 'yar ƙara, ƙas, ƙarfe ya taɓa wani abu mai tauri. Ta sake gusawa. Ƙas.

Zahra'u ce ta fara matsowa, har gwiwarta na ture kwanon fura.

"Misbahu," ta ce, "buɗe in gani."

Sai ta tuna a gaban wa take, ta kai hannu za ta ja mayafi. Tsofaffin biyu kuwa ba wadda ta ji komai. Hajiya Safiya na tambayar farashin daddawa, Marka na ba ta amsa, hannunta riƙe da cokalin a bakin yaron.